Asalin kalmomin da Turawa ke jifan malalaci da ci-ma-zaune da su

Duk wanda ya daɗe yana sauraron Turancin kan titi zai lura cewa harshen ya tara kalmomi masu yawan gaske na kiran mutumin da ba ya aiki, da kuma wanda ke rayuwa a kan gumin wani. Ɗan Ingila zai ce "skiver" ko "scrounger", Ba'amurke ya ce "bum" ko "moocher" ko "freeloader", ɗan Ostireliya kuwa ya ce "bludger", shi kuma mai fassara cikin gaggawa sai ya tattara su duka ya ce malalaci ko ci-ma-zaune, ya wuce abinsa. Amma kowace daga cikinsu tana da mahaifa da zamani, kuma idan aka bi sawunsu za a tarar mafi yawansu sun fito ne daga barikin soja, ko daga hanyar matafiya marasa galihu, ko kuma daga ƙofar ofishin da ake raba tallafin marasa aikin yi. Abin da ya fi damuna a tarihinsu shi ne, da yawa sun fara rayuwa a matsayin sunan sana'a ko barkwancin talakawa a tsakaninsu, sai daga baya, da suka faɗa hannun hukuma da jaridu, suka zama makamin dukan waɗanda suka ƙirƙire su.

Kafin kalmomin su zo, doka ce ta share musu hanya. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe aƙalla sulusin jama'ar ƙasar, ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, waɗanda suka tsira kuma suka fara neman ƙarin lada. A 1349 Sarki Edward na Uku ya kafa dokar da ta tilasta wa duk mai lafiya da bai kai shekara 60 ba, wanda kuma ba shi da abin dogaro, ya yi aiki ga duk wanda ya neme shi a kan ladan da ake biya kafin annobar, sannan ta haramta ba wa mabaraci mai ƙarfin jiki sadaka. A 1547 aka ƙara tsananta abin, har doka ta yarda a ɗauki wanda ya ƙi aiki a mayar da shi bawa na shekara biyu, a kuma ƙona masa harafin V a jiki da ƙarfe mai zafi. Wannan dokar ba ta daɗe ba aka soke ta, amma tunanin da ya haife ta ya zauna daram. Tun daga wancan zamani Ingila ta saba raba talakawanta gida biyu, wato wanda ya cancanci tausayi da wanda ya cancanci horo, kuma kusan duk kalmomin da za mu bi a nan an yi su ne domin a jefa mutum cikin gida na biyu.

Mafi tsufa a cikinsu sun shafi ci da sha kai tsaye. Kalmar "parasite", wadda ɗalibin kimiyya ya sani a matsayin halittar da ke tsotsar jinin wata, asalinta daga Girkanci ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce wanda ke cin abinci a gefen wani. Mutum aka fara kira da ita, mai bin teburin attajirai yana biyan kuɗin cikinsa da zuga da ban dariya, sai bayan ƙarnuka masu yawa masana halittu suka are ta suka laƙaba wa tsutsa da ƙwarƙwata. Ita kuwa "sponge", wato soso, tun ƙarni na 17 Turawa ke amfani da ita a kan mutumin da ke tsotse abin hannun wasu kamar yadda soso ke tsotse ruwa. A nan akwai wani abu da ya kamata a tsaya a duba. A Ingila ta da, idan aka kama mutum saboda bashi, kafin a kai shi kurkuku akan ajiye shi a gidan ma'aikacin kotun da ya kama shi, kuma sunan irin wannan gida "sponging-house". A can ake tsawwala masa kuɗin ɗaki da na abinci da na kyandir, ana matse shi har sai ɗan abin da ya rage a aljihunsa ya fita. A cikin wannan gida mai bashin ne ake tatsa, mai riƙe da maƙulli kuma shi ke sha.

Kalmar "cadge", wadda yau take nufin roƙon ɗan abu kamar sigari ko kuɗin mota ba tare da niyyar biya ba, daga "cadger" ta fito, kuma a ƙarni na 15 wannan sunan halastacciyar sana'a ne a Sikotland da arewacin Ingila. Shi ne ɗan kolin da ke bin ƙauyuka da doki ko jaki yana sayen ƙwai da man shanu da kaji ya kai gari. Da yake mutum ne mai yawo, mai kwana inda dare ya yi masa, sai sannu a hankali sunansa ya gangaro daga fatauci zuwa bara. Haka nan "mooch", wadda masu binciken asalin kalmomi suka fi danganta ta da wata tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin ɓuya ko laɓewa. 'Yar'uwarta "mitch" har yau tana raye a Wales da Ailan, inda ake faɗin ta ga yaron da ya gudu daga makaranta.

A Amurka ne wannan rukuni ya yi yaɗo sosai, kuma akwai hannun Jamusawa a ciki. Kalmar "loafer" ta bayyana a Turancin Amurka cikin shekarun 1830, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne an gutsuro ta daga kalmar Jamusanci "Landläufer", mai yawo a ƙasa ba gida ba sana'a. Ba ta da dangantaka da "loaf" ta burodi, ko da yake ita ma ta burodin tana da nata labarin a wannan fage: kalmar "lord", wato ubangida, a tsohon Turanci tana nufin mai tsaron burodi, yaransa na gida kuwa ana ce musu masu cin burodi, ba tare da wani ya ɗauki hakan a matsayin aibu ba. Takalmin nan marar igiya da ake kira lofa daga wannan suna na mai zaman banza ya samo nasa cikin shekarun 1930, don kuwa takalmin hutu ne da ake zura ƙafa kawai.

A cikin shekarun 1850 kaɗai Jamusawa kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma a daidai wannan lokaci ne kalmar "bummer" ta shiga bakin jama'a, wadda aka fi gani daga "Bummler" ta Jamusanci, mai gararamba ba gaggawa. Yaƙin basasar Amurka ne ya ba ta haƙora. A ƙarshen 1864 Janar William Sherman ya taso daga Atlanta zuwa Savannah da sojoji wajen dubu 60, ya kuma yanke shawarar rundunarsa za ta ci daga ƙasar da take ratsawa. Sojojin da ke ɓallewa daga layi su shiga gonaki su kwaso kaji da aladu da masara da dawaki, wasu da izini wasu da son zuciya, su aka riƙa kira "bummers". A wajen 'yan'uwansu sojoji su ne masu kawo abincin dare, a wajen mutanen jihar Jojiya kuwa 'yan wasoso ne. Daga nan kalmar ta gajarce ta koma "bum", ta zama sunan wanda ba shi da aiki ba shi da muhalli, ta kuma zama aikatau na roƙon ɗan abu. Ita dabam ce da "bum" ta mutanen Ingila mai nufin mazaunai, wadda ta girme ta da ɗaruruwan shekaru.

Bayan yaƙin, layin dogo ya haɗe gabashin Amurka da yammacinta a 1869, sannan tattalin arziki ya durƙushe a 1873, dubban maza suka rasa aiki suka fantsama kan hanya, suna ɓuya a taragon kaya daga wannan gari zuwa wancan. Jaridu suka cika da tsoron "tramp", jihohi kuma suka yi ta kafa dokokin kama su. Wajen 1890 sai kalmar "hobo" ta ɓullo a yammacin ƙasar. Su mutanen hanyar da kansu sun dage a kan bambanci tsakanin sunayen uku, suna cewa "hobo" yana yawo yana aiki, "tramp" yana yawo ba ya aiki, "bum" kuwa ba ya yawo ba ya aiki. Wanda ake kira "hobo" kusan shi ne ɗan ci-rani na Amurka: yana girbin alkama a filayen tsakiyar ƙasar, yana saran itace a dazuzzukan arewa maso yamma, yana shimfiɗa layin dogo, idan aikin ya ƙare ya ɗaure ƙunshinsa ya nemi na gaba. Ƙasar ta dogara da ƙarfinsa lokacin girbi, amma da zarar an kammala sai ɗan sandan gari ya gan shi a matsayin zauna-gari-banza. Wannan dagewa tasu a kan bambancin suna, a ganina, neman mutunci ne daga mutanen da suka san cewa kalma ɗaya tana iya kai su gidan yari.

Babu wurin da ya haifi irin waɗannan kalmomi kamar bariki, kuma dalilin a fili yake. Soja mutum ne da aka mallake lokacinsa baki ɗaya, ana ba shi aikin da sau da yawa bai ga amfaninsa ba, ana kuma ba shi kayan da ba su isa ba, saboda haka kauce wa aiki da samo abin da babu suka zama fasahohi biyu da ake alfahari da su. A yaƙin duniya na farko sojojin Birtaniya suka yaɗa kalmar "scrounge", wadda ta samo tushe daga wata kalmar karkara. A cikin ramukan yaƙi na Faransa, wanda ya iya "scrounging" shi ne zai sulale da dare ya dawo da busasshen itacen hura wuta, ko ƙarin bargo, ko gwangwanin nama daga rumbun wata runduna, kuma abokansa ba sa ganinsa ɓarawo, domin a wajensu ɗaukar kayan hukuma dabam yake da taɓa kayan abokin kwana. Kowane rukuni na son ya samu irin wannan mutum a cikinsa. A wannan yaƙi ne kuma "skive" ta bazu, ma'ana zamewa daga aiki, kuma an fi kyautata zaton sojojin sun tsinto ta daga kalmar Faransanci "esquiver", wato gocewa. Har gobe ɗan makaranta a Ingila da ita yake kwatanta gudun aji.

Sojojin Amurka sun kawo nasu. "Deadbeat" ta samu karɓuwa lokacin yaƙin basasa a kan sojan da ke ƙaryar ciwo don ya guje wa fagen fama, daga baya ta koma kan mai cin bashi ya ƙi biya, har ta kai ga shiga sunan dokar tarayya a 1998, wadda ke hukunta iyayen da suka gudu daga biyan kuɗin ciyar da 'ya'yansu. "Goldbrick" kuwa daga damfara ta fito. A ƙarshen ƙarni na 19 'yan damfara kan shafa wa tubalin darma ko tagulla ruwan zinariya su sayar wa mai kwaɗayi a matsayin zinariya tsantsa, sai sojoji suka ɗauki sunan suka ba wanda ke da kamannin ma'aikaci amma cikinsa ba komai, irin wanda ke riƙe da shebur duk lokacin da saje ya waiwayo.

Labarin "slacker" shi ne ya fi nuna haɗarin da ke cikin lamarin. Amurka ta kafa dokar shiga soja dole a 1917, kuma nan take kalmar ta zama sunan duk wanda ake zargi da guje wa rajista. A watan Satumban 1918 jami'an tsaro tare da 'yan sa-kai na wata ƙungiya mai goyon bayan gwamnati suka bazama cikin birnin New York na tsawon kwana uku, suna tare maza a tashoshin jirgi da gidajen kallo da wuraren aski suna neman katin rajista. An tsare dubun-dubatar mutane, kuma da aka tantance sai aka tarar kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka saɓa wa dokar. Mafi yawa sun bar katin a gida ne kawai. Sunan da aka laƙaba musu tun kafin bincike shi ya sa jama'a da dama suka ga kamen daidai ne.

Ita "freeloader" ta zo a makare, cikin shekarun 1930, amma al'adar da take tunatarwa ta girme ta. A ƙarni na 19 mashayun Amurka kan shimfiɗa abincin rana kyauta ga duk wanda ya sayi kofi ɗaya na abin sha, kuma da gangan ake cika abincin da gishiri, nama mai gishiri da cuku da busasshen biskit, domin ƙishirwa ta sa mutum ya ƙara saye. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Daga wannan dabara ce maganar nan ta Amurkawa ta fito cewa babu wani abu wai shi abincin rana na kyauta, wadda masanin tattalin arziki Milton Friedman ya ƙara yayata ta a shekarun 1970. Akwai kuma mayunwatan da ke shiga su ci ba su sayi komai ba, waɗanda mai tsaron ƙofa ke jira ya yi waje da su.

A Ostireliya kalmar da ta fi kowace zafi ita ce "bludger", kuma tushenta mummuna ne. A Landan ta ƙarni na 19 ana kiran kawalin da ke laɓewa da kulki, ya doki wanda aka yaudaro ya kwashe masa kuɗi, da suna "bludgeoner", daga sunan kulkin. Kalmar ta gajarce, ta haye teku, ta fara nufin namijin da ke cin kuɗin da mace ta samo, sannan ta faɗaɗa zuwa duk wanda ke barin abokan aikinsa su ɗauki nauyin da ya kamata ya ɗauka. A ƙasar da ma'aikata ke ɗaukar amanar abokin aiki da muhimmanci ƙwarai, wannan zagi ne mai nauyi, amma zagi ne tsakanin tsara, wanda ake yi wa mutumin da aka gani da ido yana zamewa.

Shekarun 1970 ne suka juya akalar kalmomin gaba ɗaya. Bayan tashin farashin mai na 1973, rashin aikin yi ya dawo ƙasashen da suka shafe kusan shekara talatin ba su san shi sosai ba, layin masu karɓar tallafi ya yi tsawo, kuma a daidai lokacin da aikin ya yi wuya ne aka fi zargin mutane da ƙin yin sa. A Ostireliya aka haɗa "dole", wato kuɗin tallafin marasa aiki, da tsohuwar kalmar kawali aka samu "dole bludger". A Birtaniya "scrounger", gwarzon ramin yaƙi na jiya, ya zama kanun labarai a kan wanda ke cin kuɗin masu biyan haraji. A Amurka Ronald Reagan ya yi ta maimaita labarin wata mata a Chicago mai damfarar ofishin tallafi a yaƙin neman zaɓensa na 1976, laƙabin "welfare queen" kuma ya manne wa miliyoyin matan da ba su taɓa damfarar kowa ba. Babu mai musun cewa akwai masu zamba da masu mutuwar zuciya a kowace al'umma, kuma harshe yana da haƙƙin ya kira su da sunansu. Ɓarnar tana faruwa ne idan aka ɗauki kalmar da aka yi wa mutum ɗaya da aka san halinsa aka yafa wa jama'a guda da ba a san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Salon bai mutu ba. A watan Oktoban 2012 ministan kuɗin Birtaniya, George Osborne, ya tsaya gaban taron jam'iyyarsa ya zana hoton ma'aikacin da ke fita da asuba cikin duhu, ya ɗaga kai ya ga labulen maƙwabcinsa a sauke, maƙwabcin yana sharar barci a kan kuɗin tallafi. A watannin da suka biyo baya siyasar ƙasar ta cika da "strivers" da "skivers", masu fafutuka da masu zamewa, kalmomi biyu da amonsu ya yi daidai har suka zauna a kunne. A 2013 aka fara taƙaita ƙarin mafi yawan tallafin masu shekarun aiki zuwa kashi 1 cikin 100 a shekara har tsawon shekara uku, alhali gidaje da yawa da abin ya shafa akwai mai zuwa aiki a cikinsu, albashin ne bai isa ba. Mai fita da asubar da mai karɓar tallafin sau da yawa mutum ɗaya ne.

Ya kamata mai karatu ya yi hattara da labaran asali masu daɗin ji da ke yawo a intanet. Za a ce masa "ligger", wadda mutanen harkar kiɗa a Birtaniya ke faɗa wa mai kutsawa walima don ci da sha kyauta, an haɗa ta ne daga haruffan farko na wasu kalmomi uku; wannan ƙirƙira ce ta baya, kalmar ta fi kusa da wata tsohuwar kalmar arewacin Ingila mai nufin kwanciya. Ƙa'idar da masu binciken ke bi mai sauƙi ce: a nemo rubutu mafi tsufa da kalmar ta fito a ciki, a ga wa ya faɗe ta kuma a kan wa.

Ba ko'ina ne Turanci ya ɗauki zama a matsayin laifi ba. A Trinidad "liming" na nufin zama da abokai ana hira ana ci ana sha ba tare da wata manufa ba, kuma mutanen tsibirin suna faɗin ta da alfahari. Yahudawan gabashin Turai sun kai wa Turanci "schnorrer", maroƙin da ke karɓa da gadara, domin a al'adarsu bayarwa wajibi ce kuma shi yake ba mai dukiya damar sauke ta. "Couch potato", dankalin kan kujera, wasu abokai ne a Kalifoniya suka ƙirƙire ta cikin shekarun 1970 suna yi wa kansu ba'a saboda yawan kallon talabijin.

Tsohuwar dokar da ke ƙarƙashin waɗannan kalmomi ta iso har ƙofar gidanmu. Bayan yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, titunan Ingila suka cika da sojojin da aka sallama ba aiki, sai a 1824 majalisa ta kafa dokar masu gararamba, wadda ta hukunta bara da kwana a waje, ta kuma raba masu laifin zuwa rukuni uku, ciki har da marasa aiki masu tada zaune tsaye da kuma 'yan iska masu yawon banza. Mulkin mallaka ya kwashi waɗannan rukunai ya zuba su cikin dokokin ƙasashen da ya riƙe, kuma suna nan a sashe na 249 da na 250 na kundin laifuka na Nijeriya, yayin da kundin Arewa na 1960 ya zo da nasa tanadin a kan marar aiki da mai gararamba. A 1989 gwamnatin soja ta soke laifin yawon banza, wanda aka daɗe ana fakewa da shi ana kama matasa a kan hanya. A watan Disamban 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, saboda suna hukunta mutum a kan halin da yake ciki maimakon abin da ya aikata, ta kuma ce wajibi ne ƙasashen su gyara su ko su soke su. Ita kanta Birtaniya sai a 2022 majalisarta ta amince a soke dokar ta 1824, bayan ta shafe kusan shekara ɗari biyu tana aiki.